Girgizar Ƙasa da Tanadin Iyali a Ƙasar Gobir



Gabatarwa

Duk wanda ya ji an ce za a yi lacca a kan girgizar ƙasa, kuma a danganta ta da Sabon Birni da Isa, ba mamaki ya ce an rasa abin faɗa ne. Mutanen wannan yanki suna da damuwar da ta fi wannan kusa da su: ga 'yan bindiga a daji, ga ambaliyar gulbi da damina, ga tsadar hatsi da bazara. Kuma gaskiya ne ƙasar Gobir ba ta cikin wuraren da aka sani da girgizar da take rusa gari.

To, amma akwai dalilai biyu da suka sa batun ya cancanci a zauna a kansa. Na farko, an daɗe ana cewa ƙasar Nijeriya ba ta motsi, alhali kuwa ta sha motsawa, har a Arewa. Na biyu, wanda shi ne ginshiƙin wannan lacca, ƙaramar girgiza jarrabawa ce da take tona asirin gida cikin daƙiƙa goma. Takan nuna bangon da ya tsufa, da ƙofar da ba ta buɗuwa da sauri, da iyalin da ba su taɓa zama sun yi shawarar inda za su nufa ba. Gidan da ya shirya wa wannan jarrabawa, ya shirya wa gobara da ambaliya da gudun dare gaba ɗaya, domin tanadin kusan iri ɗaya ne.

Abin da ke girgiza ƙasa

Masana ilmin ƙasa sun gano cewa ɓawon duniya, watau dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar da ake takawa, a rarrabe yake manya manyan falle, kamar sakainar da ta fashe aka jera ta wuri ɗaya. Waɗannan falle suna tafiya sannu sannu, 'yan santimita kaɗan a shekara, kwatankwacin yadda farcen mutum yake tsiro. Inda biyu suka haɗu sukan maƙale wa juna, ƙarfi ya yi ta taruwa shekara da shekaru, har ranar da dutsen zai gaza ɗauka ya suɓuce gaba ɗaya. Wannan suɓucewa ita ce take aika raurawa ta ko'ina, kamar yadda ruwan tafki yake yi in an jefa masa dutse.

Raurawar iri iri ce. Wadda take fara isowa tana gudun wajen kilomita 6 a daƙiƙa guda cikin dutse mai tauri, kuma ita ce ake ji kamar rugugin aradu daga nesa ko wucewar babbar mota. Ta biyu tana biye da ita a hankali, amma ita ce take kaɗa gini hagu da dama. Saboda haka ne waɗanda abin ya taɓa samu sukan ce sun fara jin ƙara, sa'an nan ƙasa ta motsa.

A shekarar 1935 wani masani Ba'amurke mai suna Charles Richter ya tsara ma'aunin ƙarfin girgiza. Yau masana sun kyautata shi, amma ƙa'idarsa tana nan: kowace daraja ɗaya ta ninka wadda ke ƙasa da ita wajen sau 32 a ƙarfi. Watau girgiza mai daraja 6 ta fi mai daraja 4 kusan sau dubu. Mai daraja 3 takan kaɗa kwanuka ta motsa ruwan randa. Mai daraja 4 zuwa 5 takan tsaga bango ta ka da abin da dama a raunane yake. Daga 6 zuwa sama kuwa, sai abin da Allah ya kiyaye.

Nijeriya tana zaune ne a tsakiyar fallen Afirka, nesa da bakinsa, shi ya sa aka huta da irin bala'in da yake afka wa Japan da Turkiyya. Amma tsakiyar falle ma tana da tsofaffin tsaga waɗanda suka daɗe da kwantawa. Masana sun ambaci wadda ta tashi daga Ifewara a ƙasar Yarbawa ta nufi Zungeru, da kuma wata da ake kira da sunan Anka ta Jihar Zamfara. Tsohuwar tsaga kamar tsohon targaɗe ce: takan yi shekaru shiru, wata rana kuma ta motsa.

Abin da tarihi ya nuna

Ran 22 ga Yuni 1939 girgiza mai ƙarfi ta afka wa birnin Akara na ƙasar Gana, ta kashe mutum 17, aka ji motsinta har Ikko. A watannin Yuli da Agusta na 1984 ƙasa ta motsa a Ijebu-Ode, mutanen Ibadan da Abeokuta suka ji. A watan Satumba 2016 abin ya zo Kwoi, a ƙaramar hukumar Jaba ta Jihar Kaduna, inda bangaye suka tsattsage, jama'a suka fice daga gidajensu a firgice. A watan Satumba 2018 unguwar Mpape ta Abuja ta yi kwanaki tana rawa, har hukuma ta dakatar da fasa duwatsu da haƙa rijiyoyin burtsatse a wasu unguwanni na ɗan lokaci. A watan Satumba 2024 Mpape ta sake motsawa. Duk waɗannan na cikin gida ƙanana ne. Abin da suka fi haifarwa shi ne tsoro da gudu da jita-jita.

Amma akwai misalin da ya kamata a riƙe. Ƙasar Gini, kamar Nijeriya, ana ɗaukarta a matsayin ƙasar da ba ta girgiza. Ran 22 ga Disamba 1983 girgiza mai daraja 6 da 'yan kai ta sami yankin Gawal a arewa maso yammacin ƙasar, ta kashe ɗaruruwan mutane, ta bar dubbai ba muhalli. Kafin wannan rana, da an tambayi mutanen can, da sun ce su ma ba su san abin ba sai a labari.

Haka nan kuma ya kamata a dubi abin da yake kashe mutane in ƙasa ta girgiza. A 1960 girgizar da ta rusa birnin Agadir na Maroko ba ta kai daraja 6 ba, amma ta hallaka mutum wajen 12,000, saboda gine-ginen ba su da ƙwari kuma cikin dare ta zo. A watan Disamba 2003 birnin Bam na Iran, wanda galibin gidajensa na tubali ne, ya yi asarar mutum fiye da 26,000. Ran 8 ga Satumba 2023 ƙauyukan tsaunukan Atlas na Maroko, masu gidajen laka da dutse, sun ruguje a kan masu su, aka rasa kusan mutum 3,000. A duk wuraren nan uku, manomin da ke tsaye a gona sai dai ya faɗi ya tashi. Wanda ke kwance ƙarƙashin rufin ƙasa mai nauyi shi ne bai tashi ba. Masana sukan taƙaita wannan da cewa gini ne yake kisa, girgiza turo shi kawai take yi.

Ƙasar Sabon Birni da Isa da irin gininta

Yankin Sabon Birni da Isa yana gefen gabas na wani babban kwari da masana suke kira kwarin Sakkwato, wanda ya miƙa har cikin Nijar da Mali. Shekaru miliyoyi da suka wuce teku ta taɓa kwanciya a wani sashe nasa, shi ya sa ake tono ƙasusuwan halittun ruwa a Dukamaje, ake kuma haƙar farar ƙasar siminti a Kalambaina. Shimfiɗar yashi da yumɓu da ke can ƙasa, wadda take kwance a kan tsohon dutse, masana sun raɗa mata sunan Gundumi, sunan dajin nan da ke yamma da Isa.

A bisa wannan shimfiɗa ne gulabe suka zuba lakarsu. Bunsuru da Gagare suna tahowa daga kudu su haɗu su zama gulbin Rima. Gulbin Maradi kuwa yakan tashi daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shiga Nijar ya ratsa Maradi da Tsibiri, sa'an nan ya komo Nijeriya ya faɗa Rima a yankin Sabon Birni. Wannan fadama ita ce arzikin Gobirawa, ita ta sa kakanninsu suka kafa Alƙalawa a gefen gulbi, ita kuma take ciyar da jama'a da shinkafa da albasa da kifi har yau.

To, amma ƙasar fadama tana da wata ɗabi'a. Laka mai laushi da ruwa a ƙarƙashinta takan ƙara wa girgiza ƙarfi, kamar yadda koko a kwano yake karkarwa in an ɗan taɓa tabarmar da yake kai. A 1985 birnin Meziko ya yi mummunar ɓarna saboda girgizar da ta tashi fiye da kilomita 300 daga gare shi, dalili kuwa an gina shi ne a kan lakar tsohon tafki. Saboda haka motsin da mutumin tudu zai ji kamar wucewar mota, na bakin gulbi zai iya jinsa fiye da haka.

Sai kuma gini. Soron gargajiya na tubali, mai azara da rufin ƙasa, yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu, kuma in magini ya ƙware yakan yi shekaru masu yawa. Rauninsa shi ne nauyin rufin, da kuma cewa bangon ƙasa yana ɗaukar nauyi daga sama amma ba ya jure turi daga gefe. In gara ta ci bakin azara, ko indararo ya toshe ruwa ya kwanta a kan soro, ko danshi ya cinye gindin bango, to, ginin yana tsaye ne kawai yana jiran dalili. Dalilin yakan zo kowace shekara da markar watan Agusta, lokacin da ake jin labarin ɗaki ya faɗa wa mata da yara suna barci. Ginin bulo ma bai tsira ba, in an yi ƙwauron siminti, aka ja buhu ɗaya ya fitar da bulo fiye da ƙima, aka kuma bar kusurwa ba ginshiƙi, aka ɗora rufi ba a ɗaure bango da linta ba. Bangon da marka za ta ka da shi, shi ne wanda ƙaramar girgiza za ta fara kayarwa.

Sa'ad da ƙasa ta motsa

A ƙaddara abin ya zo gidan wani magidanci bayan sallar isha. Za a fara jin rugugi, kwanon rufi ya yi ƙara, jeren kwanukan uwargida ya kama kaɗawa, ƙura ta zubo daga azara, kaji su yi kyarkyara, awaki su yi ta fizgar turke. Mai zaune zai ji kamar jiri ya ɗebe shi. Kafin a gama salati, an daina. Yawancin ƙananan girgiza ba su wuce 'yan daƙiƙoƙi.

Haɗarin farko a irin wannan dare yana cikin fassarar da za a yi wa ƙarar. Jama'ar da suka ga abin da ya faru a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayu 2020, lokacin da aka kashe mutum fiye da 70 a hari ɗaya, ba mai ganin laifinsu in sun ji rugugi da dare suka ɗauka mahara ne. Amma gudun da aka yi a ruɗe yana da nasa ɓarna: a tattake yaro a bakin zaure, a manta da tsohuwa a ɗaki, a bar wuta a murhu, a faɗa rijiya ko gulbi cikin duhu. Alamar da take bambanta girgiza da harbi ita ce ƙasa kanta ce take motsi ƙarƙashin ƙafa, ruwan randa yana tangaɗi, abin da aka rataye yana lilo. Iyalin da aka taɓa gaya wa wannan ba za su ruɗe kamar waɗanda ba su taɓa ji ba.

Abin yi kuwa ya danganta da irin ɗakin da mutum yake ciki. Wanda yake cikin ginin siminti mai ƙwari, kamar ofis ko ajin makaranta ko bene, ƙa'idar da aka yarda da ita a duniya ita ce ya durƙusa, ya shiga ƙarƙashin tebur ko benci mai ƙarfi, ya kare kansa da wuyansa, ya riƙe ƙafar teburin har motsin ya tsaya. Kada ya ruga matakala, domin a nan ake turereniya. Amma wanda yake cikin ɗakin ƙasa mai nauyin rufi, kuma ƙofa tana kusa da shi, gara ya fita tsakar gida nan da nan, hannunsa a kansa. Tsayawa a bakin ƙofa ba kariya ba ce.

In an fita, a nisanci katanga da rumbu da zankwaye da turken wutar lantarki. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce tazarar mutum da bango ta fi tsawon bangon. Da zarar motsi ya tsaya, a kashe wutar murhu da risho, a rufe tukunyar gas, a ɗauke fitilar kananzir daga inda za ta kife. A 1923 girgiza ta sami Tokyo da tsakar rana ana cikin girki, gobarar da ta biyo baya ce ta ci mafi yawan mutum fiye da 100,000 da suka hallaka. Sa'an nan a ƙirga iyali ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Kada a yi gaggawar komawa ɗaki, domin girgiza takan dawo bayan 'yan mintoci ko kwanaki, ta ƙarasa abin da ta fara. A jira gari ya waye, a duba bango da azara, in an ga sabuwar tsaga a kira magini kafin a sake kwana a ciki.

Tanadin iyali

Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tanadi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gobir. Ganuwa tanadi ce, rumbun tsimi tanadi ne, kuma waɗanda suka ga yunwar Kakalaba ta 1914 da farin 1973 da na 1984 sun bar wa jikokinsu wasiyyar kada a share rumbu ƙarƙaf. Abin da ake bukata yau shi ne a faɗaɗa wannan tsohuwar hikima ta haɗa da abubuwa biyar.

Na ɗaya, gyaran gida. Lokacinsa shi ne rani, bayan an kawar da amfanin gona, kuɗi yana hannu. A sabunta yaɓe, a toshe gindin bango, a fasa indararo, a sauya azarar da gara ta ci. Kada a riƙa ƙara ƙasa a kan soro kowace shekara ba a rage tsohuwar ba, domin nauyi ne ake tara wa azara. Mai sabon gini ya sa ginshiƙi a kusurwoyi, ya ɗaure bango da linta ko'ina. A cikin ɗaki kuma, a sauke kaya masu nauyi daga saman kabad, a kau da gadon yara daga ƙarƙashinsu da jikin bangon da ya tsage.

Na biyu, hanyar fita. Rashin tsaro ya sa gidaje da yawa sun zama kamar kurkuku: ƙarfe a taga, kwaɗo biyu a ƙofa, makulli a aljihun maigida. Ƙofar da take hana ɓarawo shiga, ita ce take hana iyali fita. A sami wurin ajiye makulli guda ɗaya wanda kowane baligi ya sani kuma zai iya lalubo shi cikin duhu. Kada a tara babur da buhuna a zaure har su toshe hanya. Kada kuma a kulle mata da yara ta waje a tafi kasuwa ko masallaci.

Na uku, magana. Wannan shi ne mafi arha kuma shi aka fi sakaci da shi. Maigida ya tara iyalinsa ya faɗa musu a fili inda za a taru a cikin gida, da inda za a taru a waje in gida bai zaunu ba, kamar filin idi ko filin makaranta ko wani tudu in ruwa ne. A raba aiki: wane zai ɗauki jariri, wance za ta kama hannun kaka, wane zai kashe wuta, wane zai kwance dabbobi. Ga kuma wani batu mai nauyi. A gidajen da ake kulle, mace takan yi jinkirin fita ba da izinin mijinta ba, alhali maza da yawa na wannan yanki sukan yi watanni a wajen cin rani. Kamata ya yi miji ya ba da wannan izini tun yanzu, da bakinsa, a gaban kowa, cewa in rai yana cikin haɗari a fita ba sai an nemi kowa ba. Malamai sun haɗu a kan cewa kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a.

Na huɗu, jakar gaggawa. A sami jaka ɗaya a rataye kusa da ƙofa, a zuba tocila da batir, da ƙaramin rediyo, da ashana, da 'yan kuɗi a hannu, da maganin da wani a gidan yake sha kullum, kamar na hawan jini ko ciwon suga, da ƙullin gishiri da sukari na zawo, da tsumma mai tsabta na ɗaure rauni. A naɗe takardu cikin leda: katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, takardun makaranta, takardar gona ko fili. Dubban mutanen wannan yanki da suka tsallaka zuwa jihar Maradi gudun hijira tun daga 2019 sun san wahalar wanda ya bar gida ba ko takarda ɗaya. Abinci kuwa, a nemi wanda ba ya bukatar wuta: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa. Ruwa a ƙiyasta lita 4 ga kowane mutum a yini, na kwana uku. Gida mai mutum 10 zai bukaci lita 120, watau jarka biyar masu cin lita 25, a riƙa sauya ruwan kada ya tsufa.

Na biyar, hanyar sadarwa. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Wannan ya koya wa kowa cewa wayar hannu tana iya yin shiru ranar da aka fi bukatarta. Saboda haka a zaɓi ɗan'uwa ɗaya a wani gari, Sakkwato ko Gusau ko Maradi, wanda duk wanda ya ɓace zai nema ya ba shi labari. A rubuta lambarsa a takarda, manyan yara kuma su haddace ta. Ƙananan yara a koya musu cikakken sunan mahaifinsu da sunan garinsu da na mai unguwarsu.

Ba a gama tanadi ba sai an gwada shi. Ƙasar Japan ta keɓe ran 1 ga Satumba kowace shekara, tun 1960, domin gwajin tserar da rai a makarantu da ofisoshi. Magidanci ba ya bukatar doka kafin ya yi nasa. Sau biyu a shekara ya isa, farkon damina da farkon hunturu, lokacin ruwa da lokacin gobara.

Nauyin da ke kan ɗalibai da ma'aikata

Ɗalibin jami'a shi ne wanda ƙauyensu yake tambaya in wani abu ya ɗaure kai. Aikinsa na farko shi ne kashe jita-jita. Har yau ba wani masani a duniya da yake iya faɗin rana da sa'ar da ƙasa za ta girgiza. A watan Janairu 2010 saƙon ƙarya ya bazu a wayoyin mutanen Gana cewa girgiza tana tafe, dubbai suka kwana a fili a banza. A 2014 irin wannan saƙo ya sa 'yan Nijeriya suka yi ta wanka da ruwan gishiri suna sha wai maganin Ebola, har aka yi asarar rai. Duk saƙon da ya sa wa girgiza rana, ƙarya ne. Haka kuma in ƙasa ta motsa, ɗalibi yana iya yi wa ilmi hidima ta hanyar rubuta rana da lokaci da abin da aka ji da abin da ya lalace, domin da irin wannan shaida ce masana suke gane inda tsaga take.

Ma'aikaci kuwa, hukumomin suna nan. Akwai Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, akwai cibiyar da ke Toro a Jihar Bauci wadda take lura da na'urorin auna motsin ƙasa, akwai Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha. Tsarin ya tanadi kwamitin agajin gaggawa a kowace ƙaramar hukuma. Abin tambaya ga kowane ma'aikaci shi ne ko kwamitin yana zama kafin bala'i, ko sai ranar rabon shinkafa da tabarmi. A watan Satumba 2010 ruwan Rima ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya cinye ƙauyuka da gonaki, ya yanke hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cikin gari. A watan Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri da tsakar dare. A wuraren nan biyu, maƙwabta ne suka fara ceton maƙwabta, motar agaji daga baya ta iso.

Saboda haka injiniyan ƙaramar hukuma da ya sa hannu a kan ajin makarantar da aka yi wa ƙwauron siminti, ya san rayukan yara nawa ya sa a ƙarƙashinsa. Shugaban makarantar kwana ya duba ko ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai tana buɗewa ta waje, kuma wa yake riƙe da makulli da dare. Malamin tsangaya ya dubi zauren da almajiransa suke kwana. Malamin asibiti ya koya wa matasan gari tsayar da jini da ɗaure karaya. Hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai kuwa, su ne muryar da jama'a suke saurare, ta bakinsu ne wannan bayani zai shiga zaure ya kai tsakar gida.

Kammalawa

Musulmi ya san girgizar ƙasa tun daga makarantar allo, domin akwai sura guda a Alƙur'ani mai suna Zalzala, kuma ya yi imani cewa abin da Allah ya hukunta ba makawa. Amma manomin Gobir da ya fi kowa tawakkali ba ya ƙin yin shuka, ba ya kuma barin rumbunsa ba murfi. Gyaran azara da ajiye ruwa da koya wa yaro inda zai gudu, duk cikin riƙon sababi suke.

Mai yiwuwa ne yaran da ake haifa yau a Sabon Birni da Isa su tsufa ba su taɓa jin ƙasa ta motsa ba, Allah ya sa haka. Amma za su ga marka, za su ga gulbi ya cika, za su ga iskar hunturu ta ɗauki tartsatsi. Abin da ake roƙon kowa da ke wannan zaure shi ne, in ya koma gida hutun nan, ya zaga ɗakunan gidansu ya ɗaga kai ya dubi azara, ya gwada buɗe ƙofa cikin duhu, sa'an nan ya nemi mahaifinsa ko yayansa su tara iyali a yi maganar. Aikin yini ɗaya ne, kuma mafi yawansa ba ya cin ko kwabo.

Allah ya kiyaye ƙasa da mutanenta, ya kawo zaman lafiya a Gobir da kewayenta. Wassalamu alaikum.